Neman Baba na Birni

Ƙarfe tara da minti goma sha biyu na safe al'amura suka fara karkacewa. Na san lokacin daidai, domin na duba agogon da Yayana ya ara mini, na kuma rubuta shi a littafina, kamar yadda nake rubuta komai a wancan zamani. Muna tashar Kazaure, ni da Gwaggo Ladi mai daddawa, maƙwabciyarmu a Roni, wadda aka damƙa ni a hannunta ta kai ni Kano. Motar katako da ta taso daga Babura ta tsaya, an ɗora kwandunanta, har na sami wuri a ƙarshen benci, sai ga wani mutum a kan keke yana haki. Ya ce 'yarta ta fara naƙuda bayan fitowarmu, kuma ita take ta kira. Gwaggo Ladi ta sa aka sauko da kwandunan, ta zagayo gefen motar tana yi mini magana ta tsakanin katako.

"Ki shiga ta Ƙofar Mata, ki wuce marina, ki yi ta tafiya har ki ga wani ƙaton durumi da ake ɗaure jakai a gindinsa. Lungun da ke bayansa, gida na uku."

"Gwaggo, in ban ga durumin ba fa?"

"Durumi ƙafa gare shi? Ki tambayi kowa, Babanku ba ɓoyayye ba ne."

Akwai tambaya ɗaya da ta rage a bakina: in ce wa nake nema? Amma maza ne cike da bencin, kuma yarinya ba ta tambayar sunan babba a gaban mutane. Na haɗiye ta. Direba ya tayar da mota.

Jikata ce ta tono mini wannan rana. Makon jiya ta zo yi mini sallama za ta Kano, da jaka a baya da waya a hannu. Na ce wa zai tarbe ki, ta ce ba kowa, wayar za ta nuna mata hanya har ƙofar gida. Sannan ta zauna a bakin gadona tana cike wata takarda a cikin wayar, ta ɗago kai ta ce, "Hajiya, mene ne ainihin sunan mijinki?" Haka nan kai tsaye, kamar mai tambayar ko an dafa wake. Na ce ta je ta tambayi ubanta. Ta yi dariya ta ce ni fa ban waye ba, alhali na fi shekarunta ina karatu. Ban yi mata musu ba. Amma bayan ta fita na daɗe zaune, ina tunanin yadda yau yaro zai kama sunan kakansa ya jefa a fili ba tare da ko ƙifta ido ba, da yadda mu muka tashi a gidan da ake naɗe suna a ajiye, kamar zanen da ba a ɗaurawa sai ranar salla.

A gidanmu kowa yana da abin da ake kiransa da shi, kuma ba sunansa ba ne. Da asuba za ka ji luguden taɓarya daga gidaje uku lokaci guda, da ƙarar guga tana dukan bangon rijiya, da muryar Iya, mahaifiyar Babanmu, tana rarraba aiki daga bakin ɗakinta, mazari yana juyawa a hannunta. "Ke, mai littafi, kaji ba su ci ba." Ni ke nan. Innarmu tana ce wa Babanmu Malam. Mutanen gari suna ce masa Malam Tanko, kuma ko ɗan yaye ya san Tanko laƙabi ne, ba sunan yanka ba. Shi kuwa wansa da ke zaune a Kano, babu mai kama sunansa ko da wasa. Ɗan farin Iya ne, saboda haka ita sai dai ta ce "wancan na birni", tana kawar da kai. Babanmu ya ce Yaya. Innarmu, da yake yayan miji ne, ko laƙabinsa ba ta faɗa, sai ta ce "su Baban yara". Mu yara muka tashi muna cewa Baba na Birni. Na taɓa tambayar Iya sunansa sau ɗaya, ina ƙarama. Ba ta daina kaɗi ba, ta ce, "Bakinki ya yi ƙanƙanta da wannan." Ban sake ba. Rabona da ganinsa kuwa tun ban fara canza haƙori ba.

Suna ɗaya na manya na sani, shi ne wanda ke bin nawa a rajistar makaranta. Na ɗauka shi ne sunan yankan Babanmu. Shekara bakwai malamai suna kiransa kowace safiya ina amsawa, ina kuma rubuta shi a bangon kowane littafi da kyakkyawan rubutu, amma bakina bai taɓa furta shi ba. Rubutu daban, faɗa daban. Har yau ma ba zan sa shi a nan ba.

Abin da ya kai ni Kano intabiyu ne na makarantar horon malamai ta mata, washegari da ƙarfe takwas. Lokacin ne kuɗin mai ya fara shigowa, gwamnati tana neman malamai ido rufe, kuma a ajinmu ni kaɗai aka kira. Hedimasta ya gaya mini ba a kira sau biyu. Babanmu bai so tafiyar ba, sai da aka yi ta kai da kawo ya yarda, da sharaɗi ɗaya da ya faɗa mini a zaure da safen nan, bai ko dube ni ba: "Ba ki kwana ko'ina sai gidan Yaya. In ba ku same shi ba, motar la'asar ta dawo da ke." Na rubuta wannan ma. A shafi na gaba kuma na jera duk abin da na sani game da Baba na Birni: dogo ne, yana da wushirya, yana sana'a a kasuwa, yakan aiko da turmin atamfa da sabulu. Layi huɗu ke nan. Da su na tunkari birnin Kano.

Kayana suna cikin jakar soja da Yayana ya dawo da ita bayan yaƙi, irin wadda ake ratayawa a baya. Innarmu ta ce mace a ka take ɗaukar kaya. Ni kuwa na yi lissafi na ga in jaka tana baya, hannuwana biyu suna nan don rubutu. Da na goya ta sai kunya ta kama ni, na lulluɓe ta da mayafi. Ban yi tunanin me hakan zai yi kama da shi ba.

A cikin motar akwai Turawa biyu, mace da namiji, da suka keto hamada ta Damagaram suka shigo ta Babura. Fuskokinsu sun yi ja kamar gauta, ƙafafunsu sun faso, jakunkunansu irin tawa ne, sai dai nasu sun fi kawunansu tsawo. A shekarun nan irinsu sun yi yawa a hanyarmu, kowa Kano yake son gani. Baturiyar ta ga ina rubutu, ta tambaye ni da Turanci ko Kano da sauran nisa. Na ce mata saura kaɗan. Kalma uku na faɗa da Turanci, kaina a ƙasa. Wani mai buhun barkono ya dubi na kusa da shi ya ce, "Ashe da tafintarsu suke tafe." Kafin mu wuce Ɗambatta duk motar ta amince da haka, har ana miƙo mini tambayoyi in isar: ko sun yi aure, me ya sa matar ta sa wando, kuma me aka yi musu a garinsu da suke yawo a motar katako alhali suna da jirgi.

Ni na san Kano tun kafin in gan ta, ko kuwa haka na zata. Na karanta ta a littafin labarin ƙasa har na haddace: ganuwa mai kauri da ƙofofi, dalar gyaɗa, ayarin raƙuma suna shigowa a natse. A raina birni ne mai tsari kamar shafin littafi, komai da layinsa. Da aka sauke mu a tasha wajen ganuwa da hantsi, abin da ya fara tarbata hayaƙi ne, sai ƙara. Kowane direba hannunsa a kan ham, kowane saurayi da rediyo a kafaɗa, kowace rediyo da abin da take faɗa. Tireloli ɗauke da siminti sun toshe hanya, babura suna kurɗawa ta ƙarƙashin hammatar mutane. Ba a daɗe da sauya hannun tuƙi ba, tsofaffi suna duban ɓangaren da mota ba ta zuwa, sannan su tsallaka da addu'a. Ganuwar da na haddace tana nan, amma an gutsire ta nan da can kamar wainar da yara suka samu, har na ga masu jakai suna haƙar ƙasarta za su kai wurin gini. Ga zafin bazara, ga warin kwata. Raƙumi ko ɗaya ban gani ba. Na fito da littafi in rubuta abin da na fara gani, wani mai tura kura ya daka mini tsawa in ba shi hanya, alƙalamin ya zana dogon layi har ƙasan shafi. Layin nan shi ne bayanina na farko a kan Kano.

Nan wani tsoho siriri mai jar dara da baƙar laima ya ɓullo. Sana'arsa ke nan: ya tare Turawa a tasha, ya kai su marina, ya kai su kasuwar Kurmi, ya hau da su Dala. Ya gaishe su da Turancin da ya tsinta a hanya, sannan ya juyo gare ni.

"Malama tafinta, gaya musu babu lungun da ban sani ba a garin nan."

Babanmu ya hana ni magana da namijin da ban sani ba, kuma a ganina wannan da gani ɗan damfara ne. Na yi kamar ban ji ba, na tambayi wata mai ƙosai hanyar Ƙofar Mata, na kama tafiya. Da na waiwaya, sai ga Turawan nan a bayana. Sun ga mai jaka irin tasu tana tafiya kamar ta san inda za ta, suka biyo. A bayansu kuma tsohon, yana ɗaga laima.

"Ke yarinya, abincina za ki ɗauke da rana tsaka? Shekara ashirin ina wannan aiki, ban taɓa ganin an zo da tafinta daga ƙauye ba."

Na ƙara sauri, suka ƙara. Haka muka bar tasha a jere, ni da ko a aji ba na ɗaga hannu don kada a kalle ni, ina gaba kamar mai jan ayari, mutane suna tsayawa suna kallo.

A marina na samu na kuɓuta. Turawan suka tsaya a bakin karofi suna toshe hanci suna ɗaukar hoto, marinan da hannuwansu suka rine har gwiwar hannu suka gyara zama, kowa ya ɗaga zanensa yadda ya saba ɗagawa in ya ga kyamara. Na sulale na bi hanya ina neman durumi. Babu durumi. Akwai sabuwar kwalta da ba a gama ba, da rami mai tsawo, da katafila tana huci. Na yi gaba har na ƙirga taku ɗari biyar, na dawo, na sake komawa. Daga ƙarshe na durƙusa na gaida wani dattijon tela a bakin shagonsa, na tambaye shi.

"Durumi? Wanne daga ciki? Bana kaɗai uku aka sare a kan hanyar nan. Gidan wa kike nema?"

"Gidan Baba na Birni."

Ya cire zare daga bakinsa ya dube ni. "Yarinya, duk mai gemun da kika gani a nan Baba na Birni ne. Ni ma shi ne. Ba shi da suna?"

Na sunkuyar da kai.

"To ke 'yar wa ce?"

"'Yar Malam Tanko."

"A layin nan kawai Tanko huɗu ne, har da mai gyaran keke. Ki bi nan ki yi dama, ki tambaya. Kuma ki sauke yaron nan ya sha iska, tun ɗazu ban ji motsinsa ba."

Sai a lokacin na gane me mutane suke gani a bayana. Ban iya gyara masa ba, na yi godiya na tashi.

Abin da ya fi ba ni haushi a yinin nan, babu wanda ya wulaƙanta ni. Kowa da kirkinsa. Amma babu mutum ɗaya da ya yarda ya ce bai sani ba. Kowa sai ya ɗaga hannu ya nuna wani wuri, da ƙarfin zuciya, kamar jiya ya ci tuwo a gidan. Wannan ya ce gabas, wancan ya ce ai na wuto. Wanda ya ga littafi a hannuna kuma sai ya ɗauka yawon buɗe ido nake, ya nuna mini Dala ya ce daga samansa ana ganin gari duka. Mutum uku suka nuna mini Dala. Ina ganin Dala, ba ɓuya ya yi ba. A Roni in baƙo ya ce gidan wane yake nema, ko bai san suna ba, ya ce mai jan sa ko mai rijiya biyu, an gane. A nan na ce dogo mai wushirya, wata mata ta ce mijinta ma haka yake, amma shi mutumin Gwarzo ne. Lungunan kuma duk uwa ɗaya ta haife su: jan bango, indararo, akuya a kwance. Na zana taswira a littafina don kada in ɓata, taswirar ta dawo da ni shagon telan sau biyu. A karo na biyu sai kawai ya nuna hagu.

Da azahar wata mai fura ta ga yadda nake jan ƙafa, ta kira ni cikin gida in yi salla. Ta miƙo hannu za ta karɓi goyo, mayafi ya zame, ta ga jakar soja. Ta yi dariya har ta zauna a kan turmi, ta kira maƙwabciyarta ta katanga ta zo ta gani. Amma ita ce ta fara fahimtata. Da na ce ban san sunansa ba, ba ta yi mamaki ba.

"Ɗan fari ne ko?"

"E."

"Haka ne. Ni ma nawa sai dai in ce wannan yaron. Amma 'yar nan, wanda zai aiko ki birni ai sai ya raɗa miki a kunne. Nan ba a samun mutum da kunya. Me yake sayarwa?"

"Yana aiko mana da atamfa."

"To ki je layin 'yan atamfa."

Ta dama mini fura, ta gyara mini mayafin yadda jakar za ta fito fili, ta ce gara a ce mini soja da a ce na kashe ɗan mutane da rana.

Kasuwar Kurmi ba a shigarta da taswira. Hanyoyinta ba su fi faɗin kafaɗa biyu ba, rufin ya hana rana shiga, kuma da hanci ake gane inda ake: nan kanwa, nan citta da kanumfari, nan turare. Na bi 'yan atamfa rumfa rumfa, ina durƙusawa ina gaisuwa, ina tambayar dogon mutum mai wushirya daga Roni. Wani ya ce ya koma Sabon Gari. Wani ya ce Allah ya ji ƙansa bara, sannan ya tuna wancan gajere ne. Sau biyu ina karo da Turawan nan, an ɗora wa namijin malafa, matar tana rungume da ƙwarya, tsohon yana gaba da laimarsa a naɗe. Duk sanda ya gan ni sai ya ce, "Ga tafinta ta dawo duba aikina." Ni kuwa in kawar da kai.

Ƙarfe uku da minti ashirin na zauna a wani dakali a bakin kasuwa. Na yi lissafi: in na tashi nan da minti goma zan kai tasha kafin motar la'asar. Gobe da ƙarfe takwas za a kira sunana a wani ɗaki a garin nan, a ga ba na nan, a ja layi a kai, ni kuwa ina Roni ina ba kaji dawa. Ba kuka nake ji ba, haushi nake ji: haushin Gwaggo Ladi, da na durumi, da na Iya da mazarinta, da na kaina da na rubuta ƙarfe nawa muka wuce kowane gari amma na kasa buɗe baki in yi tambaya ɗaya. Na ɗora littafin a cinya, a rufe, na rasa abin da zan rubuta.

Wani ya zauna a ɗaya ƙarshen dakalin yana nishi. Tsohon ne, shi kaɗai, ya kai Turawansa masauki. Ya cire dara yana fifita da ita. Da ya yi magana, muryar ba irin ta ɗazu ba ce.

"'Yata, na lura ke ba tafinta ba ce. Tafinta ba ya wuce rumfa ɗaya sau uku. Me ya ɓace miki?"

Na kau da kai. Ya karkato kai yana duban bangon littafin, ya kankance ido, sannan ya karanta abin da ke rubuce da ƙarfi: sunana, da sunan da ke binsa, da Roni. Jin an faɗi sunan nan a bainar jama'a ya sa na ji kamar an yaye mini mayafi.

"Ke 'yarsa ce? Ai ni nake kai masa Turawa. Baduku ne, babu mai ɗinkin jakar fata kamarsa a layinsu. Yau ma mun je mun tarar da rumfarsa a rufe."

Karo na farko na yi masa magana. "Wannan sunan Babanmu ne. Yana gida, manomi ne."

"To ban san wannan ba. Wanda na sani dogo ne, da wushirya, in ya yi dariya sai ya dafe ƙeya."

Na buɗe littafin na duba layukana huɗu, duk da na san abin da ke ciki. Biyu sun dace. Na uku ma ya dace, in baduku yana iya sayen atamfa ya aika gida, abin da duk yinin nan bai zo mini a rai ba.

"Gidan yana ina?"

Ya nuna da laima. Ba wajen tasha ba ne. "Da ƙafata, rabin sa'a."

Na dubi agogo. In na bi shi, mota ta tafi. In kuma wani mutum ne daban mai suna irin na Babanmu, to na karya maganar Babanmu biyu a yini ɗaya: na bi namijin da ban sani ba, kuma dare zai same ni babu gidan kwana. Dogaye masu wushirya sun cika Kano, yau na tabbatar. Tsohon bai lallashe ni ba, ya mai da dararsa ya miƙe, ya ce shi dai hanyarsa ce. Na tsaya har ya kusa shan kwana. Sannan na goya jakata na bi shi, taku goma a bayansa.

Muna cikin lungu aka kira la'asar, masallaci bayan masallaci. Na san a daidai lokacin ɗan kamasho yana buga jikin mota. Tsohon bai waiwayo ba. Muka fito kan sabuwar kwaltar nan, kusa da shagon telan, ya ratsa ta bayan wani tulin bulo. A nan na ga kututture mai faɗin tabarma, wani ya baza batura da tocila a kansa yana sayarwa. Sau huɗu na wuce shi a ranar. Lungun da ke bayansa, gida na uku.

"Shiga ki yi sallama," in ji tsohon. "In ba nan ba ne, ina tsaye."

Zauren yana da duhu, fatu jajaye da rawaya a rataye. Warin jima ya bugi hancina, sai na tsaya cik. Na san warin nan. Abu ɗaya nake tunawa game da ranar da aka fara kai ni makaranta: wani babban hannu mai kaushi riƙe da nawa, yana irin wannan wari. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa hannun Babanmu bai sake yin warin ba.

Na yi sallama. Wata mace mai jiki ta ɗago daga tankaɗe, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Wannan goshin na Iya ne. Ina Ladi?" Na durƙusa a nan tsakar gida na gaishe ta. Da na tuna da tsohon na leƙa waje, ya ji muryarta ya riga ya tafi, sai bayan laimarsa na hango. Ban san sunansa ba shi ma.

Matar Baba na Birni ta sauke mini jakar, tana juya ta tana dariya. Ta ce saƙo ya iso tun shekaranjiya. Ta ce mai gidan ya rufe rumfa ya tafi tasha tun hantsi, ya dawo ya ce motar Babura ta zo, babu Ladi babu yarinya, ba kowa sai Turawa biyu da tafintarsu. Yanzu yana masallaci, daga can zai sake komawa.

A gidan na kwana, washegari na je intabiyu, na kuma ci. Amma ba tambayoyin da aka yi mini a can nake tunawa ba, sai wadda ni na yi a tsakar gidan nan, da ruwa a hannuna ban ko sha ba. Yini guda na yi ina biyan bashin tambayar da na haɗiye a Kazaure, na ga ba zan haɗiye wata ba. Na miƙa mata littafin, na nuna bangon da yatsa.

"Inna, wannan sunan aka karanta aka kawo ni nan. Su biyun suna ɗaya gare su?"

Ta dubi rubutun, ko da yake ba ta karatun boko, ta goge garin hannunta a zane.

"Ni dai ba a bakina za ki ji shi ba. Amma ranar da aka zo ɗaukar yara makaranta, Babanki na Roni ya gudu gona, ya ce a ɓoye ki a rumbu. Mai gidan nan ya je ganin gida, shi ya ciro ki, ya kama hannunki ya kai ki. Malamin ya ce 'yar wa, ya ce tawa, aka rubuta. Mutumin da kika yini kina nema a garin nan, shekara bakwai kina amsa sunansa kowace safiya."